ƊANYEN KIFI: A SAN NA SAYE, A SAN NA CI

Kwanakin baya, a wani ajin yaƙi da jahilci da ke ƙasar Kafin Hausa, wani dattijo ya ɗaga hannu bayan an gama darasi. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Jiya jikana ya nuna mini wani hoto mai motsi a wayarsa. Na ga waɗansu mutane a wata 'yar rumfa kusa da kasuwar kifi. Ana yanka musu kifi ɗanye sharaf, ana ɗora shi a kan shinkafa, suna ci. Ba suya, ba dahuwa. Shin wannan gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, mu me ya hana mu?"

'Yan aji suka yi ta dariya. Malamin ya ce, "Baba, abin da ka gani gaskiya ne. Tambayarka kuma ba ta dariya ba ce, domin ta shafi lafiyar kowa a nan."

Mun ga ya dace mu kawo amsar a wannan shafi, don sauran masu karatu su amfana. Yawancinmu muna cin kifi. Waɗansunmu da shi suke ciyar da iyali. Amma ba kowa ya san yadda ake bambance mai kyau da marar kyau ba.

Abincin mutanen Japan

Abincin da dattijon ya gani sunansa sushi. Na mutanen Japan ne. Japan ƙasa ce a gabashin nahiyar Asiya. Teku ya kewaye ta ta kowane gefe, saboda haka kifi yana cikin manyan abubuwan mahaɗin abincinsu.

Ga yadda ake yin sushi. Ana dafa shinkafa, a zuba mata wani ruwan tsami da ɗan gishiri da ɗan sukari. Sai a dunƙula ta ƙanana, kamar lomar tuwo. Sai a yanka kifin teku falle-falle, a ɗora a kai. Wani lokaci kuma a naɗe shinkafar da kifin cikin wani busasshen ganyen teku. Ba kowane sushi ake yi da ɗanyen kifi ba. Akwai na dafaffen kifi, akwai na ƙwai, akwai na kayan lambu.

Asalin abin dabarar ajiya ce, kamar yadda mu muke yin banda. A zamanin da, sukan shafe kifi da gishiri, su binne shi cikin dafaffiyar shinkafa. Sai ya yi watanni ya yi tsami, bai ruɓe ba. Irin wanda ake ci yanzu ya fara ne wajen shekara 200 da suka wuce, a birnin Tokiyo, lokacin ana kiransa Edo. A rumfunan bakin hanya aka fara sayar da shi.

A Tokiyo an yi wata shahararriyar kasuwar kifi mai suna Tsukiji. An buɗe ta a 1935. A watan Oktoba na 2018 aka mayar da cinikin sari zuwa sabuwar kasuwa mai suna Toyosu. A can ne, a watan Janairu na 2019, aka sayar da wani kifi guda ɗaya, irin wanda ake kira tuna, mai nauyin kilo 278, a kan kuɗin da ya kai wajen dalar Amurka miliyan 3. A gefen irin waɗannan kasuwanni akwai ƙananan gidajen abinci. Tun da asuba mutane suke yin layi a ƙofarsu. Dalili kuwa shi ne, kifin bai yi doguwar tafiya ba kafin ya iso gaban mai ci.

Su ma ba da ka suke ci ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen Japan kamawa kawai suke yi su jefa a baki. Akwai ƙa'idoji masu tsanani. Da an kama kifi ake kashe shi, a zubar da jininsa, a sa shi cikin ƙanƙara. Daga jirgi zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gidan abinci, ba ya rabuwa da sanyi. Mai yankawa kuma yakan yi shekaru yana koyon aikin a hannun maigidansa.

Duk da haka ba su tsira gaba ɗaya ba. Akwai wata farar tsutsa siririya da take zama a jikin kifin teku. In mutum ya haɗiye ta da rai, takan kama bangon cikinsa, ya yi ta murƙususu. Kowace shekara ana kai mutane asibiti a Japan saboda ita. Abu biyu ne suke kashe ta. Ko dai wuta, ko kuma a daskarar da kifin cikin sanyi mai tsanani, wato digiri 20 ƙasa da sifiri, har awa 24 ko fiye. Gishiri ba ya kashe ta. Ruwan tsami ba ya kashe ta. Yaji ma ba ya kashe ta.

Kifin kogi kuwa ya fi haɗari. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan da ƙasar Lawos, mutanen karkara suna da al'adar yayyanka ɗanyen kifin kogi, su matsa lemun tsami, su zuba barkono, su ci. A jikin kifin akwai wata tsutsa da ido ba ya gani. Takan shiga hantar mutum ta zauna shekara da shekaru. Daga baya takan jawo ciwon daji a hanyar matsarmama. Wannan yanki yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya.

To, ga amsar tambayar dattijo. Kifinmu na kogi ne da tafki da kududdufi. Ba mu da ƙanƙara isasshiya. Ga zafin rana, wanda da bazara yakan wuce digiri 40. Saboda haka kifinmu ba na ci ɗanye ba ne. Iyaye da kakanni da suka ce sai an soya, ko an dafa, ko an yi banda, sun san abin da suke yi.

A lura da wani abu. A Hausa in an ce ɗanyen kifi, ana nufin wanda ba a yi bandarsa ba, ba a busar ba. Shi ne muke saye mu kai gida. Ɗanye ake sayensa, amma ba ɗanye ake cinsa ba.

Daga ina kifinmu yake fitowa?

Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Yana bi ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja. Wani reshe nasa shi ake kira Kogin Kafin Hausa. A can gaba ruwan yakan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda Baturiya take. Daga nan sai ya haɗu da Kogin Jama'are, su nufi Tafkin Chadi.

Da damina kogi yakan cika ya malala cikin fadama. A nan kifi yake yin ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci su girma. In ruwa ya fara janyewa da kaka, sai kifi ya taru a tafkuna da gulabe. Lokacin ne masunta suke samun kamu sosai da koma da birgi da mamari da gura. Ana samun tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa da bargi da kawara da gaiwa. Kasuwar kifi ta Haɗeja sananniya ce. Fatake suna zuwa daga nesa su yi sari.

Amma ruwan ya sauya. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan malalar ruwa a fadama ba ta zama kamar da ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Kifi ya yi tsada. In abu ya yi tsada, mai saye yakan nemi araha, mai sayarwa kuma ba ya son ya zubar da kwantai. A nan matsala take farawa.

Me ya sa kifi yake saurin lalacewa?

A fatar kifi da cikin hanjinsa da wurin da yake numfashi akwai ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu. Muddin kifi yana da rai ba sa iya cin namansa. Da ya mutu sai su fara aiki. Zafi yana sa su hayayyafa da sauri, sanyi kuma yana rage musu ƙarfi. Shi ya sa kifin da aka kama da asuba, in aka bar shi a rana, kafin magariba ya fara wari.

Ruwan da kifin ya fito shi ma abin dubawa ne. A kogi ake wanka da wanki. A nan dabbobi suke sha. Waɗansu suna yin bayan gida a bakin ruwa. In aka yi ambaliya, kamar wadda ta auka wa Jihar Jigawa a 2022, ruwa yakan kwashe ƙazantar masai ya zuba a kogi da tafki. Ta haka ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na zazzaɓin taifot suke iya maƙalewa a jikin kifi. Mai gyaran tarwaɗa kuma ya sha ganin tsutsa a cikinta. Wuta tana kashe duk waɗannan, in an bari kifi ya dahu har ciki.

Yadda ake gane sabon kamu

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin ka biya kuɗi, duba waɗannan abubuwa.

1. Ido. Idon sabon kamu a cike yake, yana sheƙi. In ya lotsa, ya yi fari kamar an zuba masa koko, kifin ya daɗe.

2. Ƙarƙashin kumatu. Ɗaga murfin da ke gefen kansa, ka duba wurin da yake numfashi. Na sabo ja ne wur. In ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, yana yauƙi, bar shi.

3. Nama. Danna shi da yatsa. In naman ya taso ya koma yadda yake, yana da kyau. In gurbin yatsa ya zauna, ya fara lalacewa.

4. Ciki. In cikin ya kumbura, ko ya fashe, ko ruwa yana fita ta ƙasansa, kada ka saya.

5. Ɓawo. Na sabo yana manne da jiki. Na tsoho yana zuba da an taɓa.

6. Hanci. Kowane kifi yana da ƙarni. Amma ƙarni daban, ɗoyi daban.

Tarwaɗa tana da wani sauƙi. Tana iya shaƙar iska, don haka takan daɗe da rai a cikin daro da ɗan ruwa. In ka sami mai motsi, ka huta da bincike. A yanka maka ita a gabanka.

A rumfar mai suyar kifi

Mu ma muna da namu ƙananan gidajen abinci na bakin kasuwa. Duk wanda ya ci kasuwa a ƙasar nan ya san rumfar mai suyar kifi: kasko a kan murhu, mai yana tafasa, ga yaji ga albasa. Wata kuma tukunyar farfesu take ɗorawa. Amfanin cin kifi a kusa da inda aka kama shi ɗaya ne da na Japan. Kifin bai kwana a hanya ba. Amma kusa da kasuwa kaɗai bai isa ba. Tsaya ka duba kafin ka zauna.

Shin a gabanka ake soyawa, ko na jiya ne aka jera a faranti? Ka ce, "Iya, a ba ni mai zafi, wanda aka kwashe yanzu." Mai sana'ar kirki ba za ta ji haushi ba.

Shin an rufe kifin, ko ƙuda yana bin sa? Ƙudan da ya sauka a kan kifi, daga juji ko masai ya taso.

Shin faranti ɗaya ake zuba ɗanye da soyayye? Shin hannun da ya gyara ɗanye shi ne yake ɗauko maka soyayye ba a wanke ba? Ta nan ƙwayoyin cuta suke komawa kan abin da wuta ta riga ta tsabtace.

Dubi man suya. In ya yi baƙi, ya yi kauri, yana hayaƙi, an daɗe ana juya shi.

Ɓare kifin ka duba wajen ƙashin baya. Naman da ya dahu fari ne, yana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi. In akwai ja ko jini, a mayar da shi kasko.

Wanke hannunka da sabulu da ruwa mai zuba daga buta. Kada ka tsoma hannu a kwanon da mutum goma suka wanke nasu. In za ka kai tsaraba gida, ka zo da kwanonka mai murfi. Takardar siminti da tsohuwar jarida ba na ƙunshe abinci ba ne. Wannan jarida ma ta karatu ce, kada a naɗe kifi da ita.

Kifin guba

Akwai abin da wuta ba ta kashewa, shi ne guba. Waɗansu marasa tausayi sukan zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin, a cikin tafki. Sai kifi ya taso sama, manya da ƙanana, su kwashe. Wanda ya ci irin wannan kifi ya ci guba, ko an soya ko an dafa. Ga kuma dabbobi da mutanen da za su sha ruwan. Ga 'ya'yan kifin da aka hallaka, waɗanda su ne kamun baɗi.

Wannan laifi ne a doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta shekarar 1992, ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Wanda ya ga ana yi, ya sanar da Sarkin Ruwa ko dagaci ko malamin gona.

Haka nan waɗansu sukan fesa maganin ƙwari a kan bandar kifi don kada tsutsa ta ci. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan sa irin wannan magani a kayan abinci. In ka ji banda tana warin magani, bar ta. In ka ga kifi tuli, manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, duk a mace, ana neman a rabu da su da araha, yi hattara. Araha ba ta ado. Hanya mafi kyau ita ce ka riƙe masunci ko mai sayarwa da ka sani, ka kuma yarda da shi.

In an kawo kifi gida

Uwargida, kada ki ajiye ɗanyen kifi sai kin gama sauran aiki. Ki fara da shi. Ki kankare ɓawon, ki fasa cikin, ki cire hanji da abin da ke ƙarƙashin kumatu. Ki yi hankali kada matsarmama ta fashe, don tana sa ɗaci. Ki wanke shi da ruwa mai tsabta. Toka ko lemun tsami suna cire yauƙin tarwaɗa. Hanjin kuma a binne shi, kada a watsar a tsakar gida.

Wuƙa da faranti da kika yi aiki da su, ki wanke da sabulu kafin ki yanka albasa ko tumatir da su. Ki wanke hannu kafin ki ɗauki yaro.

In ba yau za a ci ba, a shafa gishiri a yi banda, ko a soya sosai. Dafaffen kifi kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a ci ba. In ya wuce haka, a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki. Ɗumi sama-sama ba ya wadatarwa.

Kifi abinci ne mai gina jiki. Yana da amfani ga yara da masu ciki da masu shayarwa. Ƙananan kifi da ake ci har da ƙashinsu suna ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ana iya daka busasshen kifi ya yi laushi, a tankaɗe, a zuba wa yaro a abincinsa tun daga wata 6. Waɗansu suna cewa cin kifi da nono yana kawo kuturta. Wannan camfi ne. Ƙwayar cuta ce take kawo kuturta, kuma ana maganinta a asibiti.

A cire wa yara ƙaya kafin a ba su. In ƙaya ta maƙale a maƙogwaro, kada a yi ta tura ta da lomar tuwo. A je asibiti.

In wani ya fara amai da gudawa bayan cin kifi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. A sami tafasasshen ruwa lita 1 wanda ya huce. A zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, da sukari ƙaramin cokali 6, a motsa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti. In ana zaton guba ce, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti, a tafi da ragowar kifin.

Kira ga masunta da masu sana'a

Ba sai mun ci kifi ɗanye ba kafin mu koyi darasi daga mutanen Japan. Abin koyi a wurinsu shi ne yadda suke tattalin kifi daga ruwa har zuwa faranti. Wannan ne yake sa kifinsu ya yi daraja.

Masunci, kada ka bar kamunka a ƙasan jirgi rana tana dukansa. Rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ka sa a inuwa. Kada ka jefa shi a ƙasa, kada a taka shi. Duba komarka da wuri, don kifin da ya mutu a ruwa tun dare ya riga ya fara lalacewa. Ka bar ƙananan kifi su girma.

Mai sayarwa, ɗora kifi a kan tebur, ba a ƙasa ba. In kuna da ƙungiya, ku haɗa kuɗi ku sayi ƙanƙara da akwatin riƙe sanyi. Kilo 1 na ƙanƙara ga kilo 1 na kifi yana sa ya kwana da kyaunsa. Abin da bai shiga ba, a yi bandarsa tun yana da kyau. Banda ba ta gyara ruɓaɓɓen kifi. Mai sayen da ya ci ya kwana lafiya, shi ne zai dawo gobe, har ya kawo wani.

Da malamin ya gama bayani, dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Malam, na gane. Su da tekunsu da ƙanƙararsu, mu da kogimmu da kaskonmu. In na koma gida zan gaya wa yaron nan kada ya gwada."

Mai karatu, kai ma ka karanta wa iyalinka da maƙwabtanka wannan bayani. Ranar kasuwa mai zuwa, ka duba ido, ka danna nama, ka shinshina, sannan ka biya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da wadata, amin.